Albasar gabas ta fara ruɓa daga gindi

Asabar, babu aiki, sai na bi Baba garka tun da sassafe. Auta ya nace sai an je da shi, muka sa shi tsakiya a kan babur yana rungume da kwanon ƙosan Inna. Hanyar Tadis, fadamar da ke gefen Tawa, akwai daɗi da safiyar watan Maris: hunturu ya wuce, zafi kuma ba ya kankama sai hantsi. Duk wanda muka gaisa da shi zancen ɗaya ne, yaushe za a fara cira, nawa buhu yake a Galmi, nawa a Tsarnawa. Baba yana ta raha, har yana tsokanar Auta cewa bana da kuɗin albasa za a yi masa aure.

Muna isa fangalan gabas raha ta ƙare.

Lawashin ya yi rawaya daga tsini yana bushewa zuwa ƙasa, ba duka ba, nan ɗaya can biyar, amma ya fi yawa a gefen da tiyo ke zuba, inda ruwa ke kwana. Wanda ya san albasa ya san yadda take nuna: wuya ne ke laushi, ganyen ya kwanta da kansa. Wannan kuwa wuyan a tsaye yake, ganyen ne ke mutuwa. Baba ya ce ƙishirwa ce, zafi ya fara, a tayar da inji a ƙara mata ruwa, in da sauran farin taki a watsa mata kaɗan. Na ce, “Baba, ku dakata in ciro guda mu gani.”

Ban ja da ƙarfi ba ta biyo hannuna. Albasa mai lafiya sai ka girgiza ta kafin ƙasa ta sake ta, ta fito da saiwa fara tas, a cike kamar gemun dattijo. Wannan 'yan zare ne kawai suka rage, launin ƙasa-ƙasa, ina murzawa suna saɓulewa. Na juya gindin, sai ga farar fumfuna ta zagaye shi. Na danna da babban yatsa, ya lotsa. Baba ya zaro wuƙarsa ya raba ta biyu ba tare da ya ce komai ba. Daga sama jawur take, kyakkyawa, irin wadda dillali zai gani ya yi murmushi. Daga gindi kuwa ruɓa ta fara hawa cikin ɓawon, ruwa-ruwa. Ya tsaga albasa ta biyu, da ta uku. Duk haka.

Na ɗauki hoto na tura wa malamin gona ta WhatsApp, Allah ya saka masa da alheri, bai daɗe ba ya kira. Tambayarsa ta farko, saiwar ruwan hoda ta yi ko ƙasa-ƙasa? Domin akwai wata cutar da ke mayar da saiwa ruwan hoda, albasar ta tsumbure ba ta girma. Tamu da alama ɗayar ce, ruɓar gindi, wadda ƙwayar fumfuna mai suna Fusariyum ke kawowa. A cikin ƙasa take zaune shekara da shekaru. Tana shiga ta saiwa, ko ta raunin da fartanya ko tsutsa ta yi wa gindin. Lokacin sanyi ba ta cika motsi ba, sai ƙasa ta ɗumama ta kai wajen digiri 25 zuwa 28 take samun yadda take so, shi ya sa ba a ganin ɓarnarta sai ana dab da cira. Ganyen yana yaushi ne don babu saiwar da za ta ja ruwa, ba don babu ruwan ba. Ƙara ruwa ƙara ruɓa ne, taki kuma a wannan lokacin sai dai ya sa albasa ta ƙi ajiyuwa. Na tambaye shi maganin fesawa. Ya ce wadda ta riga ta kamu babu maganin da zai dawo da ita, kada mu yi asarar kuɗi.

Abin da ya ce a yi: a yanke ruwa yau, dama albasa tana son a daina ba ta ruwa kamar mako biyu kafin cira. A bi fangali-fangali a ciro masu ciwon, a fitar da su daga garka a ƙone, kada a jefa su kan bola ko cikin takin gida. Ruwan da ya bi ta gabas kada ya gangara yamma. Sauran na gabas a cire su da wuri, a shanya su a inuwa mai iska har wuya ya bushe, a tsince, a sayar nan kusa. Kada ko ɗaya ta shiga rudu, wato rumbun ajiyar albasa, kada kuma a zaɓi uwar iri daga cikinsu.

Duk wannan Baba ya saurara yana gyaɗa kai. Sai da malamin ya zo kan maganar ƙarshe fuskarsa ta canza: wannan gefen a hutar da shi daga albasa da tafarnuwa shekara 4, in an samu hali fiye da haka.

Muka koma gindin bedi muka zauna. Ƙosan ya huce, Auta kaɗai ke ci.

Baba ya ce, “Shekara huɗu. Ƙasa za ta huta, to cikinmu fa, shi ma hutawa zai yi?”

Na ce, “Baba, in muka sake dasa albasa a nan baɗi, abin da muka gani yau somin taɓi ne.”

Ya ce, “Na ji. Malamin bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi ba. Amma shi da ya faɗa, ya san faɗin garkar nan? Mai eka goma shi ke hutar da biyu.”

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har yanzu da nake rubutu. Tun ina yaro albasa ake dasawa a gabas ɗin nan, kowace rani, domin nan ne kusa da rijiya kuma nan ne ƙasar ta fi kyau. Ba rashin sani ba ne. Albasa ce kaɗai abin da mutum zai noma a nan ya adana wata da watanni yana jiran kasuwa. Salati kwana biyu ya yi yaushi, tumatir ba a magana, kabeji in ya yi yawa a kasuwar Tawa kyauta ma sai an roƙi mutum ya ɗauka. Ita kuwa albasar Galmi har Akara da Kumasi da Abijan ana nemanta da sunanta. Lokacin cira, Maris da Afrilu, kowa ya fito da tasa, farashi ya faɗi warwas. Mai haƙuri ya zuba a rudu, ya jira damina ta yi nisa, kuɗin buhu ya ninka. Lissafin Baba ke nan tun ranar dashe: a sayar da kaɗan yanzu a biya bashin mai da na taki, sauran a rudu saboda hidimar Yaya. Yanzu mafi kyawun gefen ba zai shiga rudu ba. Cutar ba ta tsayawa don an ciro albasa daga ƙasa, a cikin ajiya take ci gaba, wadda ka zuba tana ƙyalli ka buɗe ka tarar da ruwa da wari, ta ɓata na kusa da ita.

Ana cikin haka Kawu ya shigo, ya ɗauki guda ya jujjuya. Ya ce ai daga waje ba a gani, a yanke saiwar sosai, a zuba su tsakiyar buhu, masu kyau sama da ƙasa, kafin mota ta kai Gana wa ya san ta wa ce. Ban taɓa jin Baba ya katse Kawu a gaban yara ba sai yau. Ya ce, “A'a. Wanda zai kwance buhun can, shi ma da bashi ya saya.” Kawu ya ce wasa yake yi. Baba bai amsa ba.

Na ji daɗin wannan har cikin raina, amma ba ta rage komai daga asarar ba.

Kafin azahar mun bi fangalan gabas duka. Ni da Baba muna cira, Auta yana jidowa da tsohon buhu zuwa bayan shinge. Mun toshe hanyar ruwan da ke bi ta can. Na yamma kam alhamdu lillahi, na ciro nan da can, saiwa fara, gindi da tauri. Na ce a wanke fartanya da takalma kafin a shiga cikinsu, Baba ya dube ni ya yi shiru, amma ya wanke.

A hanyar dawowa na kawo maganar da ke bakina. Na ce baɗi a mayar da albasa yamma kaɗai, gabas a sa masara ko alkama, abin da ya ragu a lissafi ni zan riƙa cikawa daga albashi. Ya daɗe bai ce komai ba, har muka shigo gari. Sai ya ce, “Allah ya kai mu.” Kun san Baba, wannan ba i ba ce, ba a'a ba ce. Abin da na sani shi ne ba ya son a ce garkarsa ta koma jiran albashin ɗa.

Inna ta yi miyar kuka da dare. Babu wanda ya gaya mata, amma da ta ga Baba ya bar rabin tuwonsa ta dube ni, na ce gobe.

Wuta ta ɗauke bayan isha'i. Waya saura kaɗan.

Litinin zan nemi izini a wurin aiki, ina so in kasance ranar cirar gabas don tsintar ta yi kyau, masu ƙwadago suna sauri ba sa juya gindi su duba. Ku da ke wajen Madawa da Ƙonni, in akwai wanda wannan ruɓar ta taɓa shiga garkarsa, ya gaya mini me ya shuka a wurin bayan haka, kuma ko ya fitar da kuɗin mansa. Baba zai fi jin maganar wanda ya gwada a tasa ƙasar.