Furotin da ba ya son wuta

Sati uku na kwashe ina farautar furotin guda ɗaya, MT-CO1, ko ƙeyarsa ban gani ba. Shi ne ginshiƙin mataki na huɗu a jerin injinan numfashi na maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke samar wa sel kuzari, inda ake miƙa wa oksijin elektron ɗin da aka tatso daga abinci, ya zama ruwa. Yana cikin furotin 13 kacal da maitokondiriyar ɗan Adam ke ƙerawa da nata DNA. Sauran duk da DNA na cibiyar sel ake ƙera su, sannan a shigo da su.

Tun farko na sa a raina cewa maganin da nake gwadawa yana rage shi. Da takardar westan bulot, gwajin da ke nuna furotin a matsayin layi a kan takarda, ta fito fayau, har na fara murna. Sai idona ya kai kan sel ɗin da ban sa wa magani ba. Nan ma fayau.

Antibodi, wato abin da ke kama furotin ɗin ya nuna shi a takardar, na fara ɗora wa laifi. Na ƙara yawansa, na bar takardar ta kwana cikinsa a firji, na canja ruwan madarar da ake toshe ta da shi. Shiru kake ji.

Ran nan wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ta daɗe tana wannan aiki, ta tsaya a bayana ina jera ƙananan bututu a na'urar ɗumama, na saita ta a digiri 95.

"Tafasa su kake yi?"

"Eh, Malama, haka aka koya mana."

"To wannan kam ba ya son wuta."

Ta yi min bayani a tsaye. MT-CO1 yana ratsa fatar ciki ta maitokondiriya har sau 12, ba ya shiri da ruwa sam. Da ya ji zafi sai ya dunƙule da 'yan uwansa, ya maƙale a bakin jel ɗin da ake rarrabe furotin a cikinsa gwargwadon nauyi, ya ƙi gangarawa. Ashe ni nake kashe aikin da hannuna, ina zagin kwalbar antibodin da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Na sake shirya samfur a digiri 37. Layi ya fito, amma wajen kilodalton 40 a ma'aunin nauyin furotin, alhali lissafi ya ce nauyinsa kusan 57 ne. Saura ƙiris in ce wani furotin daban antibodin ya kama. Irin waɗannan na cikin fata sukan yi gudu a jel fiye da nauyinsu, sai dai wannan zance ne na baki, ba hujja ba. Hujjar ta zo ne daga sel ɗin da ake kira ro-ziro, waɗanda aka raba da DNA na maitokondiriya. A cikinsu layin ya ɓace ɓat, VDAC1 kuwa, wani furotin na maitokondiriya da ake ƙera shi da DNA na cibiyar sel, yana nan daram.

Sai a lokacin na koma kan tambayata ta asali. Na maimaita gwajin sau uku. Maganin bai taɓa furotin ɗin ba ko kaɗan.