Fanel dai ya yi araha, batir ne ke cin mutum

Jiya na leƙa kasuwar Taminus a nan Jos wajen wani abokina mai saida kayan sola, nace masa Malam wai ya akai fanel ɗin da a da ko farashinsa muke tsoron tambaya, yanzu har mai cajin waya ya ɗora biyu a kan rufin kwano? Dariya yayi yace "ai mutanen Chana ne, kaya sun musu yawa."

Kuma gaskiyarsa fa. Sama da kashi 80 cikin ɗari na harkar ƙera fanel a duniya a Chana ake yi, tun daga tace silikon, sinadarin da ake yin fanel da shi, har haɗa fanel ɗin, kamfanoni irin su Jinko da Longi da Trina sun gina masana'antu har sun fi ƙarfin kasuwa, dole kowa ya karya farashi don kar kaya su kwana. Tun 2000 da Jamus ta yi dokar sayen wutar sola da tsada daga hannun masu gida kasuwar ta buɗe, kuma masana sun lura duk sanda yawan fanel ɗin da aka ƙera ya ninka, farashi na sauka da kusan kashi 20. Kamfanonin kuma suna yanka silikon ɗin siriri fiye da da, ɓarna ta ragu, sannan sabon samfurin fanel da ake kira TOPCon ya fi tsoffin tatsar rana. Ana ma ta gwajin wani sinadari wai shi perovskite da ake shimfiɗawa a kan silikon, sai dai har yanzu ƙarkonsa ake fama da shi.

To mu a nan dala ce ta cinye rabin sauƙin, daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Amma da aka cire tallafin fetur, janareto ma ya zama sai wane da wane.

Ni abin da ke min daɗi, sanyin Jos ɗinnan fanel yana sonsa, zafi ne ke rage masa ƙarfi, kawai dai in hunturu ya shigo ka dinga goge ƙura. Da na sa abokin nawa ya lissafa min, fanel huɗu ba wani abu bane, kuɗin batirin litiyom da inbata ne suka sa na gyara zama. Nace masa bari albashi ya shigo tukuna.