Talata, Bauchi: roka ba ta da gefen hanya

Yau da hantsi a darasin ƙirar injuna wani ɗalibi ya ce, "Malam, ai roka mota ce da ta kalli sama." Maganar nan ta cinye mana darasin kaf.

Muka fara da nauyi. Tankin ƙaramar mota bai wuce lita 50 zuwa 60 ba. Roka kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne da oksijin, domin sai ta kai gudun kilomita 28,000 a awa kafin ta iya kewaya duniya. Mai ƙera mota in yana shakkar wani sashe sai ya ƙara masa kauri. Mai ƙera roka ba shi da wannan gatan, ƙarfin jikinta yakan tsaya a ninki 1.25 zuwa 1.4 na abin da aka lissafa zai danne ta.

Wajen gwaji ne bambancin ya fi fitowa. Kamfanin mota yana ƙera samfura da yawa, a bi da su ƙura da ramuka, a maka wasu da bango. Ko bayan an sayar, in ta yi zafi a hanyar Ningi, direba ya faka ya buɗe bonet. Roka in ta tashi, ta tashi ke nan. Shi ya sa ake ɗaure injinta a kan dandamalin kankare, a kunna, na'urori suna auna matsi da zafi da girgiza.

Na daɗe a kan injin F-1 na Saturn V, rokar Amurka da ta kai mutane duniyar wata. Wutar cikinsa takan yi ta kaɗawa har ta tarwatsa injin cikin ƙiftawar ido. Sai injiniyoyi suka riƙa tayar da ɗan ƙaramin bam a ciki yana tsaka da aiki, su ga ko wutar za ta daidaita da kanta. Shingayen jan ƙarfe da aka sa a farantin feshin mai ne suka yi magani. Tarayyar Sobiyat ba ta gwada injuna 30 na matakin farko (sashen da ke fara ɗaga roka daga ƙasa) na rokarta N1 a haɗe a ƙasa ba, kuma duk harbi huɗun da ta yi daga 1969 zuwa 1972 sun lalace.

Bayan azahar muka shiga ɗakin gwaji, na hana su taɓa bawul ɗin tukunyar oksijin da hannu mai maiƙo. A gareji giris abokin aiki ne, amma a layin oksijin, balle na ruwa mai sanyin digiri 183 ƙasa da sifili, ɗigonsa kaɗai ya isa ya ta da gobara.