Tafiyata zuwa Akra: horon malaman kiɗa masu koyar da yara 'yan gudun hijira

Daga Kano zuwa Legas babu abin faɗa. Daga Legas kuwa sai an ƙetare iyaka uku kafin a shiga Gana: Seme, sai ta tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo da ke manne da Lome. A ɗaya daga cikinsu wani jami'i ya wurgo mini fasfona don kawai na nemi rasit na kuɗin da ya ce in biya. Fasfon ECOWAS ne, katin rigakafin shawara yana ciki, babu abin da ya rage. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsofaffin mata 'yan kasuwa da ke bayana, su ma haka aka yi musu. Mai bin wannan hanya ya riƙe katin shawara a hannu, ya tanadi ƙananan takardun sefa.

A unguwar Nima ta Akra na sauka, kusa da babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Hajiyar da ta ba ni ɗaki jikar fataken goro ce, ta kuma ƙi karɓar ko sisi. "Ɗana, baƙon Kano ba ya sayen abinci a gidan nan," in ji ta. Kokonsu ya fi namu citta da kanumfari da barkono. Haya kuwa ta tsorata ni, don masu gida kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, kuma a irin waɗannan ɗakunan ne iyalan da suka gudo daga Sudan da Afirka ta Tsakiya ke cunkushe.

Gana ta daɗe da sanin 'yan gudun hijira. An buɗe sansanin Buduburam a 1990 saboda yaƙin Laberiya, mutanen Kwaddebuwa suka shigo a 2011, yanzu kuma 'yan Burkina Faso ne ke kwarara ta wajen Bawku. Shi ya sa a cikin malaman da suka zo horon, a wani ɗakin makaranta a Mamobi, akwai masu Faransanci da Larabci da Fulatanci, amma in aka fita shan iska Hausa ce ke haɗa yawancinsu.

Na zaci da ganguna za a fara. Sai ga shi an kulle su a kabad. Mai horarwar, wata malama mai sanyin murya, ta ce ƙarar da ta zo ba zato ita ce babbar abokiyar gabar yaron da ya ji harbi. In aka daki ganga a bayansa yana iya sandarewa, ko ya shige ƙarƙashin tebur, ko ya kai wa na kusa da shi duka. Don haka makonnin farko da jiki ake yi: tafi, bugun cinya, taka ƙasa, rera murya a hankali.

Tsarin darasin nasu ba ya canzawa, kuma rashin canzawar shi ne maganin. Minti arba'in da biyar, yara goma sha biyu zuwa sha biyar, manya biyu. Ana zama a da'ira a kan tabarma, kowa yana ganin fuskar kowa, ƙofa a buɗe kuma ba wanda ya tare ta. Waƙar gaisuwa guda ce kullum. Daga nan kowane yaro ya tafa sunansa gaɓa-gaɓa, sauran su maimaita. Wanda bai shirya ba ya ɗaga hannu a wuce shi, ba a tambayar dalili. Sai waƙa mai amshi, don amshi na kalma biyu ba ya buƙatar yaro ya iya harshen. A tsakiyar darasi ake ba yaro ɗaya jagoranci: in ya ɗaga tafin hannu kiɗa ya ƙaru, in ya sauke ya ragu, in ya dunƙule kowa ya tsaya cak. Na ga wata yarinya da ba ta ce uffan ba tun safe ta tsayar da ɗaki guda da dunƙulen hannunta, ta sake, ta kuma tsayar. Yaron da aka raba da gidansa ba tare da an tambaye shi ba yana buƙatar ya ga akwai ƙarar da ke jin maganarsa. Minti biyar na ƙarshe na sassauta kiɗa ne har numfashi ya daidaita, sannan waƙar sallama, ita ma guda ce kullum. Malamin da ya sallami yara suna cikin zafin kiɗa ya tura faɗa zuwa tsakar gida.

Abubuwan da aka hana sun fi yawa. Ba a ce wa yara su rufe ido. Ba a dafa yaro ta baya, ba a kama hannunsa a gyara masa riƙon makaɗi sai an nemi izininsa. Ba a ɗaukar hoto ba tare da yardar iyaye ba. Sama da duka, malami ba ya tambayar yaro abin da ya faru da shi. In yaron ya faɗa da kansa, a saurara, kada a yi masa alkawarin ɓoye sirri, a kai maganar ga jami'in kula da jin daɗin yara a ranar. Malamin kiɗa ba likita ba ne, kuma an maimaita mana wannan har ya zauna.

Waƙoƙin gida ma suna da hatsari. Waƙar reno na iya tuno wa yaro uwar da ba ta ƙetaro ba, shi ya sa babba na biyu yake nan, ya fita da shi bakin ƙofa inda ake ganinsu, darasi ya ci gaba. Wata waƙar kuma ta ɓangare guda ce a rikicin da ya koro su, malami bai sani ba. Dole a nemi wani babba daga al'ummar ya ji kalmomin kafin a koyar.

Wani malami daga Sabon Zango ya tayar da maganar da ni ma take cina: "Malama, iyayen da ke ganin kiɗa haramun ne fa?" Ta ce a je gidajensu kafin a fara, a gayyace su su zauna su gani, a fara da mandiri da waƙoƙin Islamiyya da na gaɗa, a kauce wa lokacin salla da na makarantar allo, a raba manyan 'yan mata da samari in an buƙata. Wanda ya ƙi bayan haka a girmama shi. A Maiduguri da wannan ya kamata mu fara, amma sau da yawa kayan kiɗa ake jibgewa a sansani, a ɗauki hoto, a bar malami da yara sittin ba horo.

Kayan aikinsu ba su da tsada. Caki daga robar ruwa da tsakuwa cokali uku, a liƙe murfin da gam don kada ƙanana su haɗiye. Murafen kwalba a daddake su, a huda, a goge kaifin, a zura a waya. Jarka mai lita ashirin da biyar tana ba da amo mai kauri, ba ta kuma firgitarwa kamar fata. Kuge ɗaya ya isa riƙe bugu ga ɗaki duka. Sarewar gora ta atenteben, wadda masanin kiɗan Gana Ephraim Amu ya gyara domin koyarwa, ga manyan yara ake ba da ita, kowa da tasa saboda mura. In ganguna sun fito, ana zagaya su bayan kowace waƙa, in ba haka ba samari masu ƙarfi su mallake su, 'yan mata su koma tafi har a tashi.

Na je kasuwar kayan al'adu ta bakin teku neman kalangu. Mai shagon ya sa farashin Turawa, da ya ji Hausa ya kira ni ɗan'uwa, muka ƙare a kashi ɗaya cikin uku. Shi ya gargaɗe ni cewa danshin Akra na sassauta fata, hunturun Kano kuma zai ɗame ta har ta tsage, don haka in sassauta tsarkiyar in ajiye shi a inuwa.

Na biya ta Kumasi, na kwana a unguwar Aboabo, na leƙa kasuwar Kejetiya. Daga nan Tamale, Yamai, Maraɗi, sai gida.