Yadda suwici ke raba saƙo, da wayar da ke durƙusar da shi

Suwici, na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta waya, in sabon kunnawa ne bai san kowa ba. Kowace na'ura tana da lambar MAC, wato lambar shaidarta a hanyar sadarwa, mai bit 48, kuma duk ƙunshin bayani yana ɗauke da lambar mai aikawa da ta mai karɓa. Da ta mai aikawa yake koyo: ya rubuta a jadawalinsa cewa na'ura kaza tana kafa kaza, wato ramin da wayarta ta shiga. In ya san kafar mai karɓa, can kaɗai zai tura. In bai sani ba, sai ya watsa ta duk kafofi ban da wadda ƙunshin ya shigo. Lambar da ta yi shiru daƙiƙa 300 yakan goge ta.

Gada (bridge), wata na'ura mai kama da suwici, ita ma haka take aiki, sai dai kafofinta kaɗan ne kuma manhaja ce ke yanke hukunci, shi kuwa suwici da guntun lantarki na musamman yake yi.

Matsalar tana zuwa ne idan aka yi zobe, wato wani ya tarar da waya a ƙasa ya cusa bakinta biyu a suwici ɗaya, ko aka haɗa suwici biyu da waya biyu. Ƙunshin Ethernet, tsarin da suwici ke aiki da shi, ba shi da wa'adin mutuwa, don haka saƙon kowa-da-kowa, irin na ARP mai tambayar lambar MAC ta wata na'ura, zai yi ta kewayawa yana ninkuwa. Jadawalin ya rikice, fitilu duka su kama ƙiftawa tare, intanet ya tsaya cak. Zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har fitilun su lafa. Ta ƙarshen ita ce mai laifi.

Maganinsa STP, tsarin hana zobe, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985. Suwici suna aika wa juna saƙon gabatar da kai mai suna BPDU duk daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya a cikinsu ya zama uwa, su toshe kafar da ta rufe zoben. Kada ka bar zaɓen ga sa'a. Mai ƙaramar lambar fifiko ke zama uwa, amma kowane suwici yana zuwa da fifiko 32768, in aka yi kunnen doki mai ƙaramar lambar MAC ke ci, sau da yawa tsohon suwicin da ke kusurwa. Sa 4096 a babban suwicinka.

Tsohon STP yana riƙe kafa daƙiƙa 30 kafin ta buɗe, har kwamfuta ta gaji da jiran adireshi daga DHCP, mai raba wa na'urori adireshi. Koma RSTP na 2001, wato STP mai sauri, ka kunna PortFast (mai buɗe kafa nan take) da BPDU Guard (mai rufe kafa in aka jona mata suwici) a kafofin kwamfutoci. Ƙananan suwici masu araha galibi ba su da STP sam, kada a jona su da waya biyu.