Baƙin tayil ba ya rufa wa ma'aikaci asiri

Mai gidan bai yi dogon bayani ba. Ya tsaya a ƙofar banɗakin ɗakinsa, ya nuna tsohon tayil mai furanni, ya ce, "Malam, a ɓamɓare min wannan. Ina son in shigo in san banɗakin namiji na shiga." Da muka zauna na gane abin da yake nufi: bango launin gawayi, famfo da kan shawa baƙaƙe marasa ƙyalli, gilashi tsirara, sai katako kaɗan a ƙarƙashin wurin wanke hannu. Na ce, "Yallaɓai, an gama." A raina na ɗauka aikin ɓagas ne, tunda ba fure ba zane.

Ashe wahalar tana cikin rashin adon. Tayil ɗin da ya zaɓa manya ne, santimita 60 da 120, bangon kuwa bai miƙe sosai ba. Na yi gaggawa na ɗora. Gefen wani ya ɗara na kusa da shi da abin da bai fi milimita 2 ba, abin da a farin tayil sai mai neman laifi zai gani. Da aka kunna fitilar sama, haske ya gangaro jikin bangon, sai ga inuwa siririya tun daga sama har ƙasa kamar an ja layi. Guda huɗu na cire, biyu suka fashe a hannuna, muka sake shafe bangon. Tun ranar ba na buɗe kwalin tayil sai na bi bango da dogon ƙarfe miƙaƙƙe, ina leƙa inda haske ke kurɗawa ta ƙarƙashinsa.

Daɓen shawa ma ya koya min hankali. Ruwa yana son gangara ta kusan santimita 2 a kowace mita, babban tayil kuma ba ya lanƙwasa zuwa ramin tsakiya sai an yanyanka shi. Muka sa doguwar magudana a gindin bango, daɓen ya karkata gefe guda kawai. Kafin tayil, bayan maganin hana yoyo ya bushe, na toshe magudanar, na tara ruwa, na yi alama da fensir, na ce a bar shi awa 24. Mai gidan ya ɗaure fuska, wai za a kashe yini guda ana kallon ruwa. Washegari ruwan ya sauka ƙasa da alamar. A kusurwa yake tsiyaya, kuma falo ne a ƙasan banɗakin. Bai ƙara maganar ɓata lokaci ba.

Haske kuwa ban yi tunaninsa ba sam. Baƙin bango shanye shi yake yi. Mutumin ya tsaya gaban madubi zai gyara gemu, haɓarsa duk inuwa. Sai da muka sa fitila dama da hagu daidai tsayin fuska, mai haske ɗumi-ɗumi na kelvin 3000 (ma'aunin launin haske ke nan), sannan katakon ma ya fito da kyansa.

Bayan mako biyu ya kira ni, wai famfon ya yi fari-fari. Ruwan gidan mai yawan alli ne, duk ɗigon da ya bushe sai ya bar tabo, baƙi kuma ba ya ɓoye shi. Ga shi maganin wanki mai asid yana cinye baƙin launin da aka shafa wa famfon. Laifina ne, da na tambaya tun farko da na ba shi shawarar ƙarfe mai launin toka. Na kai masa tsumma mai laushi, na nuna masa yadda zai riƙa gogewa bayan wanka. Ya karɓa yana juya shi a hannu, ya ce, "Wato dai na sayo wa kaina aiki."