Miskit a gindin lemun Baffa

Asabar, Mai Wurno, Sudan

Da ƙyar nake riƙe wayar nan, tafin hannuna duk ya yi bororo. Muna idar da sallar asuba ni da Auta muka gangara lambun Baffa na bakin kogi, ɗauke da gatari da diga da adda da doguwar sanda mai ƙugiya. Tun da rikicin nan ya ɗauke hankalin kowa aka bar lambun ba mai leƙawa, shi kuwa miskit, wani itace mai ƙaya da saurin yaɗuwa, ba ya jiran gayyata. Ya cinye gefen gabas kakaf, ya toshe hanyar ruwa, ya zura rassansa cikin lemun tsami da gwaiba.

Auta ya riƙe ƙugu ya ce, "Yaya, galan ɗaya na fetur da ashana, kafin hantsi mun tashi." Baffa na kishingiɗe a inuwar mangwaro, ko kai bai ɗago ba ya ce, "To, fara biyana kuɗin lemuna tukuna." Maganar wuta ta mutu a nan. Ɓawon lemu ba shi da kauri, hucin wuta kaɗai ya isa ya kashe shi, shi kuma miskit ya ƙone ta sama ya sake tofowa ta ƙasa. Feshin magani ma na ƙi. Iskar kogi ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuɓewar maƙwabci da tumatirinsa kuma suna nan bayan shinge. Ba na son rigimar da za ta kai mu gaban manya.

Daga waje muka faro. Auta ya maƙalo reshe da ƙugiya ya ja, ni in sare, ya janye shi can fili. Waɗanda suka sarƙe cikin lemu su suka cinye mana lokaci. In ka finciko reshe guda, da ganye da fure zai taho. Sai dai ka yi ta datsa shi guntu-guntu kana zarewa a hankali, kamar mai tsefe kan yarinya mai kuka. Ƙayarsa bibbiyu take fitowa a kowace gaɓa, wata ta kusa tsawon ɗan yatsa. Ɗaya ta huda silifas ɗin Auta ta same shi a dunduniya, ya zauna yana ta tsine wa wanda ya kawo itacen.

Wanda ya kawo shi kuwa ya daɗe a ƙasa. Asalin itacen daga nahiyar Amurka ne, a 1917 aka shigo da shi Sudan zamanin Turawan Ingila, aka fara dasa shi a Shambat, kusa da Khartum. Daga baya aka yi ta shuka shi don ya tare rairayi. Ya tare, sannan ya wuce gona da iri, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi. Mutanen Kasala da Tokar da Halfa Jadida a gabashin Sudan su za a tambaya ko ya ji umarnin.

Bayan Inna ta aiko da ful, wato dafaffen wake, da shayi muka shiga ainihin aikin, wato kututture. Duk wanda ya sare miskit daidai ƙasa ya tafi, aski ya yi masa. Idanun da yake tofowa da su suna wuyan saiwa ne, a binne. Don haka muke barin kututturen ya kai gwiwa don a sami abin riƙewa, mu haƙa kewaye da shi ya zarce taƙi ɗaya, Auta ya tanƙwara shi, ni in sa gatari ƙasa da wuyan. Uwar saiwar ta nutsa can neman ruwa, ba sai an bi ta ba.

Kusa da lemu Baffa ya hana a sa diga. Saiwoyin lemu a sama-sama suke. Da kansa ya taso ya durƙusa yana tone ƙasa da yatsu, in ya ci karo da saiwa sai ya kankare ta da farce ya kai hanci. Ta lemu rawaya-rawaya ce, ƙamshinta ba ya ɓuya. Wadda ba ta ƙamshi ya nuna mini in datse. Akwai miskit guda da ya fito manne da gindin babban lemun, babu yadda za a haƙa shi. Muka sare shi ƙasa-ƙasa, muka kife masa rabin ganga, muka danne da dutse. Duk tohon da ya leƙo ta gefe a cire, har ya gaji.

Da la'asar muka tsince 'ya'yan da suka zuba, buhu ya kusa cika. Awaki na son zaƙinsu, ƙwayar kuma ta fita a kashinsu lafiya lau, a shirye ta tsiro. Ni ina zargin takin da ake kwasowa daga garke shi ya fara kawo mana shi, Baffa ya ce ɓarakar shinge ce. Gobe dai za mu toshe ta.

Manyan itatuwan mun jibge su gefe, mai gawayi zai zo ya gani ranar Litinin. Auta ya riga ya ce rabin kuɗin nasa ne saboda dunduniyarsa.